Tagar da Aka Toshe

Ina zaune a benci a wani ofis ina jiran a kira ni, shi kuma yana tsaye bakin wata taga da aka toshe da katako. Da alama daɗaɗɗen direban kamfanin ne: ga makulli a yatsa, ga hannu ɗaya da rana ta ƙona fiye da ɗayan.

Yana goga rasidin mai a cinyarsa har ya miƙe, ya ɗauke shi hoto da waya. Sai manhajar kamfanin da ke wayar ta tsare shi da tambayoyi: wane sashe, wace lambar aiki, wane rukuni. Yana dannawa, tana mayar da shi farko.

Akanta ta zo wucewa. "Baba, ai ko daga gida za ka iya turawa. Babu abin da manhajar nan ba ta yi."

Ya ƙwanƙwasa katakon a hankali, kamar wanda ya saba a buɗe masa.

"Na sani, 'yata. Wanda ke zama nan da, tambaya ɗaya yake yi mini: 'Yaya hanya?' Ita kuwa ta tambaye ni komai, ban da wannan."