Ba a Tatsuniya da Rana

Ina aji bakwai, a shekarun da garinmu bai zama Suleja ba, ana ce masa Abuja. Malamar Turancinmu, wata 'yar kudu mai faɗan tsiya, ta ara mini wani ɗan littafi na tatsuniyoyin mutanen Japan, an rubuta shi da Turanci mai sauƙi don masu koyo. Ta ce kullum in karanta da ƙarfi har bakina ya saba, domin yarinya ɗaya za a tura jarrabawar makarantar kwana, kuma da karatu a gaban hedimasta za a zaɓe ta. Ni kuwa makarantar nan nake so kamar in mutu.

A wurin kakata nake zaune. Ran farko na baje a tsakar gida bayan azahar ina ta karatu, sai ta leƙo daga madafa.

"Ke 'yar nan, me kike ta gwalan-gwalan a kai?"

Na ce, "Kaka, labarin wata dila ce da ta rikiɗa ta zama mace, ta sauko daga dutse cikin sanyi tana neman ɗanta."

Ta saki muciya. "Tatsuniya? Da rana tsaka? So kike ki ɓata?"

Na ce ai karatun makaranta ne, kuma na Japan. Ta ce ko na birnin Sin ne, tatsuniya dai tatsuniya ce. Ta karɓe littafin ta jefa a kwallar tufafinta, ta ce sai rana ta faɗi.

To, ga inda abin ya ɗaure ni. Fitilarmu ɗaya ce, kuma da an yi magariba take ɗauka ta tafi bakin tasha sayar da tuwo. Da rana an hana ni, da dare ba na gani. Abin da ya rage mini shi ne ɗan jan hasken nan da ke saura tana ɗaura kaya. Ina tsaye jikin katanga, littafi a hanci, in yi shafi guda da ƙyar. Ita kuma har cewa take, "Fassara mini mana." Wallahi haushi kamar ya kashe ni! Na roƙa, na yi kuka, na ƙi cin abinci, ko gezau.

Ranar zaɓe hedimasta ya buɗe can tsakiyar littafin, inda ban taɓa kaiwa ba. Na yi ta in'ina har malama ta kau da kai. Aka ɗauki wata, aka karɓi littafin.

Na dawo gida na shige ɗaki. Da magariba Kaka ta gama ɗaura kayanta, ta tsaya da fitila a hannu tana jirana.

"Yau ba karatu? To dilar nan fa, ta ga ɗan nata kuwa?"

Na ce, "Ban sani ba, Kaka."