Autan Inabin Gilberte

Ku matso in ba ku labarin Gilberte Labat. Duk wanda ya zauna a ƙauyenmu na yankin Médoc a ƙasar Faransa ya san ta. In bai san fuskarta ba ya san bayanta, don kullum a sunkuye take cikin layukan inabi. Gajeruwa ce, tafin hannunta kaushi kamar ɓawon itace. Shekara talatin da takwas ta yi tana wa gida ɗaya aiki. A wurinmu kowane ma'aikaci ana yanka masa yankinsa, shi ke aske rassa da hunturu, shi ke ɗaure su. Gonar ta mai gida ce, amma in ka ce yankin Gilberte kowa ya gane: layi goma sha huɗu ne can ƙarshen tsakuwa, inda ƙasa ke fara danshi ta wajen kogi.

Irin inabin da ke nan sunansa Petit Verdot, ita kuwa Auta take ce masa, don sai kowa ya nuna an tsinke kafin shi ya ga dama. Wata shekarar ma ba ya nuna sam. Jar giyarmu haɗi ce. Inabin Cabernet shi ne ƙashi, na Merlot tsoka, kowanne a matse shi daban, ya kwanta a gangarsa, sai Janairu a gauraya. Auta kuwa ɗan kaɗan ake ɗigawa.

Ana nan sai aka kawo sabon manaja, Thibault Carrère, mai karatu ne kuma ba mugu ba. Da yake zagaya gangunan yana ɗanɗanawa, ya kurɓi Auta zalla. Bauri ya kama masa harshe, haƙoransa suka yi baƙi. Ya tofar, ya ce bayan girbin bana a tumɓuke layukan nan a dasa Merlot.

Maganar ta iske Gilberte a gona. Ko takalmin robarta ba ta cire ba ta shiga ofis, taɓo har kan darduma. Ba ta yi roƙo ba. Ta ce a bar mata zaɓen ranar tsinka a bana, in ranar haɗi ta zo ba a ɗauki Auta ba, ita da hannunta za ta sare itacen inabin farko. Manaja ya yi murmushi ya amince, yana ganin rigimar tsufa ce.

Oktoba ya shigo, masu tsinka suka gama suka watse, Auta na rataye. Kowace safiya Gilberte ta bi layi tana tauna ƙwayar cikin inabin. In kore ce mai ɗaci ta tofar ta wuce, ita jira take ta yi ruwan ƙasa, ta fashe a haƙori kamar soyayyar gyaɗa. Léonce Darrigade, tsohon da ke kula da gangunan, abokin tsokanarta ne tun suna makarantar firamare. Kullum sai ya leƙo ya tambaye ta ko ɗan lelen nata ya tashi daga barci, ko sai Kirsimeti.

"Kai da ka yi shekara arba'in kafin ka yi hankali," in ji ta, "kwana goma ne za su gagare ka?"

A rana ta takwas ruwa ya sauko, kwana biyu yana zuba. Layuka biyar na ƙasa suka fara ruɓa. Léonce ya daina wasa, ya ce ta tsinke abin da ya samu. Ta ƙi. Ta ɗauki almakashi ta bi curin inabin ɗaya bayan ɗaya tana cire ruɓaɓɓun 'ya'ya, gwiwa cikin taɓo. Rana ta goma sha biyu ƙwayar ta fashe yadda take so. Mu huɗu muka tsinka, da ita da ni da Léonce da matarsa. Ganga biyu aka samu.

Ranar haɗi, ma'aikatan gona ba sa shiga ɗakin ɗanɗano, don haka ta tsaya a bakin ƙofa da hularta a hannu. Manaja ya ce a fara ba shi Auta zalla. Ya kurɓa, ya yamutse fuska kamar wancan karon, har ya buɗe baki zai yanke hukunci.

"Yallaɓai," ta ce daga ƙofa, "in aka ba ka gishiri cokali guda ka lasa, sai ka ce a kore shi daga kicin?"

Léonce ya turo kofi biyu marasa suna, ya ce ɗaya da Auta ɗaya babu. Manaja ya shinshina, ya kurɓa, ya juya a baki, ya tofar. Ya koma ya sake. Ya daɗe. Daga bisani ya dafa na hagu, ya ce wannan ya fi duhu, ƙamshinsa na tashi kamar fure da masoro, kuma yana daɗewa a baki bayan ɗayan ya gushe. Léonce ya ɗaga kofin, rubutun alli ya nuna a ƙasansa: Auta uku cikin ɗari.

Manaja bai sakar mata duka ba. Ya gwada biyar cikin ɗari, Auta ya danne kowa. Ya gwada biyu, bai ji shi ba. Ya ce to uku, kuma uku ba ta buƙatar layi goma sha huɗu. Tara na sama za su tsaya, biyar masu ruɓa za su tafi.

Mun zaci za ta yi gardama. Sai ta ce dama waɗannan biyar ɗin su suka cinye mata gwiwa. Washegari ta sare itacen farko da kanta, ta ɗaure rassan dami-dami ta kai gida su bushe. Da bazara ta gasa nama a kansu ta kira Léonce, ta ba shi yanka mafi tauri, wai ya koyi jira.

Ta yi ritaya bara waccan, amma har yau in Oktoba ya yi za ka gan ta a layukan nan tara, a sunkuye, tana tauna ƙwaya.