Ranar da Mainasara Ya Taka Gefen Kwale-kwale

Duk wanda ya taɓa sayen kifi a bakin dam ɗin Shagari ya san Mainasara, in bai san fuskarsa ba to ya ji labarin hannunsa. Ɗan Mandera ne, daga gidan manoman gero da albasa, amma tun yana ƙarami ruwa ya ɗauke masa hankali daga gona. Mahaifinsa ya yi faɗa har ya gaji ya sa masa ido. Abin da ya yi suna a kai shi ne lalube: ya nutsa, ya zura hannu cikin ramin tarwaɗa, ya damƙo ta ta bayan kai ba tare da ƙayarta ta soke shi ba. Shekara talatin yana wannan, yatsunsa goma cif, ko tabo babu. Kuma gaskiya Mainasara yana son a faɗa. In aka zauna hira ba a kawo zancen hannunsa ba, shi da kansa zai san yadda ya karkato da hirar.

Abokin aikinsa shi ne Sule, ɗan kawunsa, wato taubashinsa. Dogo ne siriri mai sanyin jiki, ba ya buɗe baki sai in tsokana ta zo. Kwale-kwale ɗaya suka haɗa, suka sa masa ɗan inji. Sule ke tsayawa a gaba yana jefa birgi, tarun nan da ake watsawa ya buɗe a kan ruwa, Mainasara kuwa yana baya riƙe da inji. Ba su da sirri a tsakaninsu, kuma ba sa jin kunyar juna. Wasansu na taubasai ma sananne ne a dam ɗin. Sule zai miƙe ya ɗaga birgi, Mainasara ya faki idonsa ya taka gefen kwale-kwale, sai ka ji tsundum, dogo ya faɗa ruwa. Ya fito yana zagi, Mainasara yana riƙe ciki don dariya, washegari Sule ya rama ta wata hanyar. Ba a taɓa jin sun kwana da fushi ba.

To bara, bayan ɗaukewar damina, wani malamin gona daga Bodinga mai suna Muhammad Sani ya zo da wata 'yar jaka. An turo shi ya ɗauki hoton yadda kainuwa da ciyawa ke cinye ruwan, da yadda suke toshe hanyoyin da masu albasa ke jan ruwa. A cikin jakar akwai ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama, wanda ake kira duron. Girmansa bai wuce faifai ba, amma farfelarsa huɗu in suna juyawa ido ba ya ganinsu, sai ƙara kamar ta taron ƙudan zuma.

Malamin ya yi musu bayani a bakin ruwa. Wuraren da yake son ɗauka suna can ciki, nesa da tudu, don haka daga cikin kwale-kwale za a tashe shi. Tashi ba wuya, sauka ce matsala. In aka bar shi ya dawo da kansa, daidai inda ya tashi zai koma, alhali kwale-kwale ya riga ya bar wurin, sai ya sauka a ruwa. Saukar da shi a cikin kwale-kwale mai tafiya kuwa, tsakanin taru da gora da ƙafafun mutane, ganganci ne. Dole wani ya kama shi da hannu, don shi malamin hannayensa biyu suna kan abin sarrafawa.

Da aka ce kamu da hannu, Mainasara ya gyara tsayuwa ya naɗe hannun riga. Wa kuma za a ce? Malamin ya ce a fara gwadawa a tudu. Ya ce a miƙa hannu sama da kai, a kama daga ƙasa ta ciki, yatsu su tsaya ƙasa da farfela. Kada a kai masa cafka, a bari shi ya zo. In an riƙe kada a ja, kuma kada a saki sai an ji ƙarar ta mutu.

Mainasara ya ji da kunne, amma hannunsa yana da nasa karatun. Duron na matsowa sai ya kai masa sura ta gefe, ta sama, irin yadda yake damƙar tarwaɗa. Malamin ya yi salati ya cilla abin sama, da ƙyar yatsu suka tsira. Aka sake, ya sake yin haka. Masu kallo suka fara ƙunshe dariya. Sai aka ce Sule ya gwada. Sule ya tsaya ƙiƙam kamar turken awaki, ya ɗaga dogon hannun nan, abin ya sauko a hankali ya zauna masa tsakanin babban yatsa da sauran. Ƙara ta mutu. Aka yi tafi.

Muhammad Sani ya juya wajen Mainasara da ladabi ya ce, "Baba, kai ka riƙe mana inji. Wallahi aikinka ya fi nashi wuya. In ba ka fuskantar da kwale-kwalen ga iska ka riƙe shi daidai ba, babu mai iya kamawa."

Gaskiya malamin ya faɗa, amma Mainasara ji ya yi kamar ana lallashin wanda aka hana nama da romo. Ya ce to, ya shiga baya ya zauna.

Kwana tara suka yi suna wannan aiki, kuma a faɗi gaskiya, Mainasara ya riƙe inji yadda ba wanda zai riƙe. Yakan karanta iska a fuskar ruwa, ya rage wuta har kwale-kwalen ya riƙa tafiya kamar a kan tabarma. Sau ashirin da wani abu Sule ya kama, bai kuskure ko ɗaya ba. Amma wa ya ga mai inji? Hoton da ya bazu a wayoyin mutane na Sule ne, tsaye a gaban kwale-kwale, hannu a sama, duron na sauko masa. Ranar kasuwar Shagari sai ga mahauta suna kiransa Sule mai kamun jirgi. Wani direba ya ce har a Sifawa ya ga ana kallon hoton. A bakin dam, inda aka saba cewa hannun Mainasara, yanzu hannun Sule ake ta faɗi, a gabansa, ba ko kara.

Abin ya ci shi ƙwarai. Hassada ce tsagwaronta, kuma shi ma ya san sunanta, don yakan yi istigfari bayan salla, ya fita ya ji an ambaci Sule, ta dawo sabuwa. Shekara talatin yana cusa hannu inda macizai ke kwana, ba wanda ya taɓa ɗaukarsa hoto. Wannan kuwa tsayuwa kawai ya yi kamar icce, ga shi har Sifawa. A gida ma bai tsira ba. Matarsa Tani ta karɓo waya a maƙwabta tana nuna masa, tana cewa ashe Sule haka yake da natsuwa. Ya ture kwanon tuwo ya ce gishiri ya yi yawa, alhali bai ko ɗanɗana miyar ba.

Sule kuwa bai taimaka ba, don taubashi ne, kuma bakin taubashi ba a kama shi. Kullum da safe sai ya ɗaga hannu ya ce, "Direbana, ka iso? Yau ma a tuƙa mai gida a hankali." A da Mainasara zai mayar masa da wadda ta fi ta zafi. Yanzu sai ya yi yaƙe kawai. Sule bai lura ba, ko kuma ya lura ya ɗauka wasan ne ya yi daɗi.

Rana ta goma ita ce ta ƙarshe. Da hantsi suka shiga can ƙuryar dam, iska na ɗan kaɗawa. Malamin ya gama ɗaukar abin da zai ɗauka, ya ce batir ya kusa ƙarewa, a shirya. Duron ya taho ta gaba, idonsa mai ɗaukar hoto na kallon kwale-kwalen. Wasu masunta a kwale-kwale biyu sun tsaya kallo, ɗaya har ya ɗaga waya. Sule ya miƙe, ya ware ƙafafu, ya ɗaga hannu.

Mainasara ya dubi bayan nan mai tsawo, sai zuciyarsa ta ce masa ai wannan tsayuwar birgi ce, wasan da kuka saba ne. Bari ya faɗa ruwa sau ɗaya a gaban mutane, a ɗauki wannan ma a kai Sifawa. Ya ɗora ƙafa a gefen kwale-kwale ya danna.

Da birgi ne a hannun Sule, da ya sake shi ya faɗa ruwa ya fito yana zagi. Amma an ce masa kada ya saki, kuma Sule mutum ne mai riƙe abin da aka faɗa masa. Yatsunsa sun riga sun taɓa cikin duron lokacin da kwale-kwalen ya karkata. Ya yi tangaɗi, hannun ya zame sama, ya shiga farfela. Ƙarar ta canza. Malamin ya kashe abin da sauri, amma jini ya riga ya fantsama har kan jakarsa. Sule ya durƙusa, duron na riƙe a hannunsa, bai bari ya taɓa ruwa ba.

Mainasara bai san lokacin da ya yage rawaninsa ya ɗaure hannun ba. Ya buɗe wa inji wuta har tudu, ya goya Sule a babur zuwa asibiti. Aka yi ɗinki. Manuni da na tsakiya sun tsira da sunan suna nan, amma jijiya ta yanke, ba za su ƙara lanƙwasawa ba. Hannun dama ne, wanda ake watsa birgi da shi.

Duk wanda ya zo dubiya ya tambaya, Sule cewa yake iska ce ta kaɗa. Mainasara ya riƙa zuwa safe da yamma da kifi da fura, yana jin ana yaba masa zumunci, kowane yabo kamar ana zuba masa barkono a ido. Ya fara sa ran ko Sule bai sani ba. In ma ya sani, ai wasan taubasai ne ya zo da tsautsayi, kowa zai fahimta.

Bayan mako biyu ya same shi shi kaɗai a zaure, hannu a naɗe a kan cinya. Suka gaisa. Mainasara ya fara kame-kame, yana cewa akwai maganar da yake son yi game da ranar nan. Sule ya tare shi. Ya ce malamin gona ya zo jiya, kuma ashe idon duron a buɗe yake har lokacin da ya shiga hannunsa, ya ɗauki kwale-kwalen duka har mai inji. Shi ya roƙa a nuna masa, ya kalla sau uku, sannan ya sa malamin ya goge a gabansa.

Mainasara ya ce, "Wasa ne, taubashi. Wanda munka saba."

Sule ya dube shi, babu fushi a fuskar, abin da ya fi fushin ciwo ke nan.

"Ni ma haka nis so in ce," in ji shi. "Shi ya sa nik kalla har sau ukku. Ba ƙafarka nid duba ba, fuskarka nid duba. Shekara talatin kana kada ni ruwa, kullum haƙoranka waje tun kahin in faɗa. Wagga rana ba ka yi dariya ba."

Sule ya jawo kwanon furar da aka kawo masa da hannun hagu, ya yi bismilla, ya ce a gaida Tani.

Har yau ba wanda ya ji maganar daga bakin Sule. Ya koma noman albasa wajen 'yan'uwansa, kuma in sun haɗu da Mainasara a suna ko jana'iza yakan gaishe shi da kyau, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, yadda ake gaida baƙon kirki. Bai ƙara tsokanarsa ba ko sau ɗaya. Mainasara yana nan a dam yana lalubensa, an ma koma zancen hannunsa kamar da, sai dai yanzu in aka fara yakan tashi ya ce zai duba taru.