Inna Tabawa da Igiyar Rigunan 'Yan Zem

Da an idar da sallar asuba, Inna Tabawa takan share zaurenta da ke lungun bayan tashar motocin Zongo a birnin Cotonou, ta shimfiɗa tabarmi biyu, ta zuba yashi mai laushi a tire. Daga nan ta leƙa gidan Saoudatou mai sayar da ƙanƙara ta karɓo ƙulli uku. Kafin rana ta ɗaga, masu ɗingishi sun fara isowa: 'yan dako, mata 'yan kasuwa da suka zame a kwata, da 'yan zem, masu haya da babur. Shekara talatin ke nan tana gyaran targaɗe. Hannun ta gada wurin mahaifinta, sauran kuma ta koya a wani ɗakin shan magani a unguwar Saint-Michel, inda ta yi aikin taimako tana budurwa.

Mu mutanen Zongo, da ƙafa ta gurɗe, sai mu dafa ruwa mu gasa ta, mu nemi ƙato ya ja har ta yi ƙas, mu ce an gyara. Inna ba ta yarda da wannan ba. Takan fara da tambaya: za ka iya taku huɗu? In ba ka iya ba, ko ta danna ƙashi ka zabura, sai ta tura ka asibiti a ɗauki hoto, ba ta jin kunyar cewa wannan ya fi ƙarfinta. In targaɗe ne, kwana biyun farko ƙanƙara ce a cikin tsumma, da ɗauri, da ɗora ƙafa kan matashi. Bayan nan ne aikin haƙuri ke farawa.

A tsakar gidanta akwai igiya da ba a shanya wanki a kanta. Rigunan 'yan zem ne masu ruwan ɗorawa ke rataye, kowace da lambarta a baya. Duk Cotonou an san ɗan zem ba ya fita aiki babu rigarsa, shi ya sa Inna take karɓe ta tun ranar farko.

Na shaida yadda ta yi da maƙwabcina Safwan, gab da zaɓen shugaban ƙasa na 1996. Idon sawunsa na dama, wanda yake tayar da babur da shi, ya gurɗe karo na uku cikin shekara guda. Abokansa na tasha sun riga sun ja masa ƙafar, ta kumbura kamar tulu. Inna ta duba, ta ce masa a fili in ya sake hawa kafin jijiyar ta kama, ƙafar za ta saki, kuma shi da babur sai kallo.

"Inna, ki ji tausayina," in ji Safwan. "Lokacin kamfen ne. Kowace jam'iyya na neman 'yan zem su raka ta."

"Cire rigar."

"Ai su ma suna raba riguna kyauta."

"To ka karɓo ka kawo. Igiyata doguwa ce."

Matarsa Zakiyya ta rufe baki da mayafi tana dariya. Ta ce, "Inna, ki haɗa da makullin babur ɗin, na san halin mutumina."

Sati uku Safwan yana zuwa kowace safiya. Inna ta sa masa tiren yashi a gaba, yana rubuta alif, ba, ta da babban yatsan ƙafa, ita kuma tana gyara masa kamar a makarantar allo: "Wannan jim ɗin naka ya karye, sake." Da ciwo ya lafa, ta sa shi ɗaga dunduniya yana dafe da bango. Ayarin kamfen na wucewa a titi da oda da ganguna, shi kuwa sai ya runtse ido ya ci gaba da ƙirga.

Jarrabawarta biyu ce, kuma ba ta sassauta wa kowa. Ka tsaya da ƙafar da ta ji ciwo ita kaɗai har ka karanta Fatiha sau uku ba ka taɓa bango ba, sannan ka yi zaman tahiyya fuskarka ba ta canza ba. Ranar farko ta jarrabawar, Safwan ya faɗa kan bango tun a ta biyu. Ya ce sauri zai ƙara.

"Da tajwidi, ɗana," in ji Inna. "Ba fasinja kake kora ba."

Bayan kwana huɗu ya tsaya cak har ya kai amin ta uku, ya zauna ya miƙe ba ko cije leɓe. Inna ta sauko da rigar da kanta, a wanke, a goge. Kamfen ya wuce shi, amma ƙafar ta tsaya. Har yau da nake wannan rubutu yana kan babur ɗinsa, bai sake ɗingishi ba, kuma shi ke hana abokansa jan ƙafar wanda ya faɗi.

Inna, ke ce mai hannun sanyi da magana ɗaya. Ke ce kika jure fushin mutum na sati uku don ya yi shekaru yana ciyar da gidansa. Kin koya mana cewa gushewar ciwo daban, dawowar ƙarfi daban.

Ƙarshen watan nan za ta koma garin Sèmè-Kpodji wurin 'yarta Mamata ta huta, don gwiwoyinta sun fara gajiya. A madadin duk wanda ya shigo zaurenki a kafaɗar wani ya fita da ƙafarsa, mun gode. Allah ya ƙara miki lafiya, ya saka miki da mafificin alheri.

Mu kuma da muka rage, kowa ya duba sana'arsa, ya daina sallamar aiki kafin ya nuna. Mai son koyon gyaran ƙafa ya hanzarta, akwai sauran kwana goma sha biyu. Zakiyya ta riga kowa, kuma Inna ta ce hannunta ya yi.