Gurnanin da Ya Kusa Rufe Mana Aji

Saura ƙiris a rufe mana aji saboda waƙa, kuma matan da suka jawo haka har yau ba wadda ta ba ni haƙuri. Muna gaisawa, ina zuwa sunan jikokinsu, amma wannan abu ba zan manta da shi ba sai ranar da aka rufe ni da ƙasa.

Na haura hamsin lokacin da aka buɗe ajin manya a ƙauyenmu, can wajen Yammedi. Malaminmu ɗan bautar ƙasa ne, Kirista daga kudancin Kaduna, siriri, mai ladabi, Hausa a bakinsa ras. Kafin ya zo an yi ta yi mana alkawarin malami har mun gaji da ji. A hannunsa na fara rubuta sunana, a karkace kamar dangar da awaki suka jingina da ita, amma dai nawa ne.

An ba shi ɗaki a bayan firamare, kusa da rijiyar da muke ɗiban ruwa. Wata rana da la'asar mata suna bakin rijiya sai suka ji goge yana tashi daga ɗakin, a hankali, mai ban tausayi. Can sai ganga ta faɗo da nauyi kamar taɓarya a turmi, sannan wata murya ta fara gurnani kamar bijimin da aka kayar za a yanka. Maƙwabciyata ta bar guganta a cikin rijiya.

A wajenmu wannan ba ya buƙatar dogon tunani. Da goge ake kiran iska, in ta hau mutum sai ta yi magana da muryar da ba tasa ba. Goge ya kira, murya ta amsa, to me ya rage? Kafin magariba an gama shari'a: Malam ɗan bori ne. Maza suka hana matansu zuwa aji, aka ce mai unguwa zai je Karaye, hedikwatar ƙaramar hukumarmu, ya nemi a ɗauke Malam. Na san in ya tafi, wani malamin sai dai jikokina su gani.

Ni ba mijin da zai hana ni, Allah ya ji ƙansa. Kuma a garin Fulatan na girma, katanga ɗaya da gidan 'yan bori. Ban taɓa ganin iskar da take hawa kullum bayan an tashi daga makaranta ba, kamar mai aikin gwamnati.

Washegari da la'asar na yafa mayafina na je, gurnanin yana tsaka da tashi. Na buga ƙyaure. Ya fito da cokali a hannu, yana shan garin kwaki.

"Mama, sannu da zuwa. Lafiya dai?"

"Lafiyar ke nan. Malam, wa ke ciki?"

"Ba kowa, Mama."

"To wa ake yankawa?"

Ya koma ya fito da waya da wata 'yar sifika da ba ta wuce gwangwanin madara ba. Ya ce waƙar addininsu ce, wasu samarin Turawa ke yi, gogen kuma irin na mutanensu ne na zamanin da.

"Shi mai gurnanin me yake cewa?"

"Cewa yake duk mai rai mamaci ne, kabari yana jira, kuma za a tashi a yi hisabi. Yana roƙon Ubangiji ya ji ƙansa."

"Wannan ai limaminmu yana faɗa duk Juma'a, kuma bai taɓa korar kowa daga rijiya ba. A cocinku haka ake yi?"

"A'a, Mama. Fastonmu ma ba ya so."

Na ce to fastonku yana da hankali.

Ya yi ɗan murmushi, sannan ya ce wayar ta wansa ce, bara ya rasu a hatsarin mota. Wan nasa ne mai son waƙoƙin. Shi kuwa in ya dawo ɗaki shiru ya yi yawa, sai ya kunna.

Na yi masa gaisuwar rashi. Na zauna a kan wani bulo na ce ya maido ta daga farko, na ji har ƙarshe. Gaskiya ba daɗi. Amma gogen nan kukan mutum ne. Na binne miji na binne ɗa, ba sai an fassara mini ba. Da zan tashi na ce ya ara mini gwangwanin zuwa gobe.

A hanya na yi ta juya abin a raina. Gari guda, masu gemu da masu furfura, an gwammace a kori mutum da a taka daga rijiya zuwa ƙofarsa a tambaye shi. Tun daga ranar, duk abin da ya ba ni tsoro sai na je na buga masa ƙofa.

Da sassafe, kafin mai unguwa ya tayar da babur, na isa zaurensa. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, na tambayi iyali da gona. Sannan na kwance bakin mayafina na ajiye masa sifikar a kan tabarma.

"Ranka ya daɗe, ga aljanin na kawo maka. In ƙara za ka kai Karaye, shi za ka goya. Ka bar mana malaminmu."

Na miƙe na wuce aji, na share shi, na zauna a bencin gaba.