Tatsuniyar da Ake Auna ta da Buhu

Gidanmu na unguwar Hindawiyya, a ƙasa mai tsarki, ɗaki biyu ne, don haka bayan Magariba kan rufi muke hawa. Nan kakarmu, wadda muke kira Habboba kamar yadda aka saba a Sudan, take hura gawayi ta ɗora kofi. Gefenta kullum da buhun gyaɗa. Wani mai shago a kasuwar Balad ne ke kawo shi, mu ɓare, ya dawo da safe ya ɗauka. Ya sha faɗa mata cewa ranar da ya tarar da saura, gidan maƙwabta zai mayar da aikin. Da wannan aikin ake ɗora tukunya a gidanmu tun da gadon bayan Baba ya lalace a wurin gini.

Habboba ba ta fara tatsuniya sai kowa ya cika tirensa. "Ga ta nan, ga ta nanku," za ta ce, "amma sai na ji ƙarar ɓawo. Yalla, maza."

Labarin ɗaya ne kullum. Wani attajiri ya sa a gina masa benen ƙarfe, maginan kuwa suna kwana a gindinsa. Duk hawa ɗaya da aka ƙara, sai ɗakunansu su ƙara matsewa. A cikinsu akwai Tanko, wanda ya rantse sai ya hau ƙololuwa ya hango garinsu ta bayan teku. Kowace rana yana hawa ɗaya, ya gamu da mai gadi ko aljani ko kare mai magana. In hannun wani cikinmu ya tsaya, Tanko ma sai ya tsaya a kan matakala. Yayana Usman ya taɓa cewa wannan Tankon rago ne, ta ce ai shi ya sa suka yi kama.

Ni ba mai magana ba ce, amma ranar da babban yatsana ya tsage na tambaye ta yaushe zai kai sama. Ta ɗaure mini shi da tsumma, ta leƙa buhun.

"Da saura, ya binti, 'yata."

A bana, a darasin tarihi, aka ba mu karatu kan Amurka lokacin da masana'antu suka bunƙasa, masu ƙarfe da jiragen ƙasa suna gina fadoji, baƙin da suka ƙetaro teku suna cunkushe a ɗakunan haya. Cikin littafin na ga hoton wata uwa da 'ya'yanta sun kewaye tebur suna fasa wa wani kamfani 'ya'yan itace masu ɓawo. Na daɗe ina duba hannuwansu. Rubutun ƙasan hoton ya yi bayanin awanni da ƙuncin ɗaki, bai faɗi abin da uwar take gaya musu ba don kada su yi barci.

Mu dai ba mu taɓa barin saura ba. Duk da haka, ina shekara tara mai shagon ya daina zuwa, don ya samu ɓararriya ta inji, mai araha. Mu yara muka yi murna, muka hau rufi hannu sake, muka ce yau Tanko ya ƙarasa. Habboba ta zauna tana murza yatsunta a cinya, kamar akwai wani abu a tsakaninsu.

"Halas, shi ke nan," ta ce. "An sallame shi daga aiki."