Sunan Da Na Goge

Ko zan manta komai na zamana a Azare, ban da ranar da kawuna ya hana ni zubar da mutuncina da hannuna.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in ne, ina koyarwa a wata makaranta mai kwamfuta ɗaya tal. Wani ɗan kudu mai shagon buga takardu a bakin kasuwa ya ba ni faifan kwamfuta. A ciki akwai abin da ake kira laburare, wato guntayen umarnin kwamfuta da wani ya rubuta ya saki kyauta, kowa ya ɗora nasa aikin a kai. Da shi na haɗa manhajar tsara jadawalin darussa. Ita zan gabatar wa kwamitin da zai tabbatar da ni a aiki ko ya sallame ni.

A saman kowane shafi akwai sunan wanda ya rubuta laburaren da dogon Turancin lasisi, wato sharuɗɗan amfani da shi. Na ce yo abin da aka ba ka kyauta ai naka ne, wa ke yawo da rigar kyauta da sunan mai ita a ƙirji? Na bi na goge tas, na sa nawa. Wauta ce tsagwaronta, amma a lokacin gani nake na yi dabara.

Ran Juma'a na tafi Katagum da takardun da na buga, in nuna wa Kawu bajinta. Tsoho ne mai kwafar littattafai da alƙalami da tawada, ko Turanci bai sani ba balle kwamfuta. Ya jujjuya su, ya ce, "Duk kai ka tsara wannan?" Na ce rabi. Ya ce, "To ina sunan mai ɗaya rabin?" Na shiga yi masa bayanin kyauta ina washe baki.

Bai yi dariya ba. Ya jawo wani littafi da ya kwafa ya buɗe ƙarshensa: ga sunan mawallafi da addu'a, can ƙasa ga nasa a matsayin mai kwafa. Ya ce, "Shekara arba'in ina wannan aiki, ban taɓa hawa kan sunan wani ba. Shi bawan Allahn nan me ya roƙe ka?" Na ce a bar sunansa da sharuɗɗansa ga duk wanda aka ba.

"Shi ke nan? Ya ba ka guminsa, abu ɗaya ya roƙa, shi ma ka hana shi?"

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Washegari na mayar da komai yadda yake.

Ranar kwamiti, wani jami'i da ya zo daga Bauchi ya buɗe shafin farko ya ce ya san laburaren nan sarai. Ya dube ni ya ce da bai ga sunan mai shi ba, satar aiki zai rubuta a kaina. Aka tabbatar da ni.

Kawu ya rasu bai taɓa sa hannu a kan kwamfuta ba, Allah ya jiƙansa, har gobe ina gode masa. A wurinsa na koyi cewa wanda ya ba ka aikinsa kyauta bai ce ka zama shi ba. Yi amfani da abinsa, amma ka bar masa sunansa.